Baƙin Teku Masu Hawan Kogi

Duk wanda ya girma a Ɗan Isa, ko Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya san halin gulbin ƙasarmu. Da rani yashi ne zalla, sai an tona kafin a sami na sha. Da damina kuwa ya cika ya batse, har ya hana mutum ƙetarewa zuwa gonarsa. Ruwan nan doguwar tafiya gare shi. Gagare da Bunsuru suna zuba cikin Rima, Rima ta gamu da gulbin Sakkwato, su bi ta Argungu su faɗa Kwara. Kwara kuma, mai tsawon wajen mil 2,600, ita ke kai shi teku a kudancin Nijeriya. A wannan wata za mu ba ku labarin waɗansu halittu masu bin irin wannan hanya, amma su daga teku suke hawowa.

Inda kogi ya gamu da teku

Teku ba ta zama wuri ɗaya. Sau biyu a kwana guda takan ciko, ta kuma janye, gama wata yana jan ruwanta. Sa'ad da ta ciko, sai ta tura ruwan gishiri cikin bakin kogi, har kogin ya riƙa gudu da baya. A kogin Gambiya ana ganin alamar wannan cikowa fiye da mil 200 daga teku. Ƙananan kifaye sukan bi ruwan nan su shiga kogi neman abinci, a bayansu kuwa ga wata dabba tana biye, wadda ake kira dolfin.

In ka gan ta sai ka rantse kifi ce, amma ba kifi ba ce. Ba ta yin ƙwai. Haihuwa take yi, ɗa guda, bayan ciki na wajen shekara, ta kuma shayar da shi nono. Hancinta a bisa kanta yake, tilas ta riƙa tasowa tana shaƙar iska, in ba haka ba ta mutu. Ruwan bakin kogi ya cika laka, ido ba ya gani da nisa. Saboda haka takan yi 'yar ƙara ta saurari amsa-kuwwa, kamar yadda jemage yake yi da dare, da haka take gane inda kifi yake. In teku ta fara janyewa sai ta juya, domin in ta makara tana iya kafewa a kan yashi. Dolfin na teku kuma in ta daɗe cikin ruwan daɗi, fatarta takan yi gyambo.

Akwai wani iri mai ɗan doro a baya wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai gaɓar tekun Afirka ta yamma. Daga Kamaru aka samo wanda masana suka fara rubuta labarinsa a 1892. Ana ganinsa a bakin kogin Gambiya da na Salum a Senegal. A 2017 aka sa shi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, gama ana tsammani waɗanda suka rage ba su kai 3,000 ba. Yawancinsu ragar masunta ke kashe su, watau su sarƙe a ciki su kasa tasowa shan iska.

Ayu, wanda muka sani

Dolfin ba ta isowa ƙasar Hausa. Amma akwai wata dabbar da ke zama a bakin teku, tana kuma hawan kogi har can ciki, wadda kowane Bahaushe ya san sunanta, watau ayu. Ana samunsa a Kwara har ƙasar Mali, da Binuwai, da tafkin Pandam a Jihar Filato. Shi ma numfashi yake yi, yana shayar da ɗansa. Ciyawar ruwa ita ce yawan abincinsa, ba ya cutar kowa, ko da yake babba yakan kai kilo 400. Macen takan haifi ɗa guda, sa'an nan ta yi shekara biyu ko fi kafin ta sāke. Ka ga in aka kashe uwa ɗaya, an yi babbar asara.

Abin da ya fi jawo wa ayu kisa shi ne namansa da mansa. Kun dai ji masu tallar man ayu a kasuwa, suna cewa yana sa miji ya so matarsa. Tun 1985 dokar Nijeriya ta hana farautarsa. Uwargida, kuɗinki ne ke tura mafarauci kogi. Zaman lafiyar gida kuwa ba a kwalba ake sayensa ba, sai da haƙuri da gaskiya tsakanin miji da mata.

Abin da ya ci Doma

A ƙasar Sin akwai wata dolfin fara da ta zauna cikin kogin Yangtze tun zamanin dā. Jiragen ruwa da raga da dauɗa suka yi ta rage ta. A 2006 masana suka yi mako shida suna bin kogin, ba su ga ko ɗaya ba. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mu ma muna da namu masu hawan kogi. Da ruwan fari ya sauko, tarwaɗa da sauran kifaye sukan hau gulbi su shiga fadama su zuba ƙwai. Wanda ya zuba gamalin cikin tafki don ya kwashi kifi da sauri ya kashe na bana da na baɗi, ya kuma kai guba cikin tukunyar maƙwabcinsa. Raga mai ƙananan idanu ita ma ba ta barin 'ya'ya. Leda da kwalabar maganin feshi da muke jefawa a gulbi ba ɓacewa suke yi ba, gangarawa suke yi wurin mutanen Isa da Goronyo da na gaba da su.

Maigida, in ka wanke tankin feshi, ka yi nesa da gulbi. In ka ga ana zuba guba a ruwa, ka faɗa wa Sarkin Ruwa ko mai gari. Ku kuma iyaye, ku koya wa yara sunayen gulaben nan da inda suke zuwa, domin wanda ya san akwai masu sha a ƙasa da shi ba zai ɓata ruwa ba.