Haƙƙin Jama'a na Ganin Wasiyyar Mamaci: Misali Daga Kotunan Ingila

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda wasiyya, wadda mutum kan rubuta a asirce, take zama takardar da kowa ke da ikon karantawa bayan rasuwarsa. An ɗauki Ingila a matsayin misali domin daga can ne manyan kotunan jihohin Nijeriya suka gaji tsarin rajistar wasiyya.

2.0 Asalin Tsarin

Kafin 1858 kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya a Ingila. Wata doka ta 1857 ta karɓe wannan aiki ta danƙa wa kotun gwamnati, aka kuma kafa babbar rajista a Landan a watan Janairun 1858. Tun daga lokacin ake adana kowace wasiyya da kotu ta tabbatar.

Muddin mai wasiyya yana raye, babu mai ikon tilasta masa ya nuna ta. Idan ya rasu, sai wasiyyi, watau wanda ya naɗa don zartar da ita, ya kai ta kotu a ba shi takardar izinin taɓa dukiya. Da zarar an ba da iznin, sashe na 124 na Dokar Manyan Kotuna ta 1981 ya buɗe wasiyyar ga jama'a. Mai neman kwafi zai biya kuɗin da aka ƙayyade, ba kuwa za a tambaye shi dangantakarsa da mamaci ba. Wasiyyar da ba a kai kotu ba, alal misali saboda ƙanƙantar dukiya, ita kan ci gaba da zama sirrin iyali.

3.0 Hikimar Buɗewa

Mamaci ba ya da bakin kare nufinsa, shi kuwa wasiyyi ɗan Adam ne. Idan takardar na hannunsa shi kaɗai, yana iya danne rabon wani ba tare da an sani ba. Buɗe ta kan ba wanda aka yi wa wasiyya damar sanin haƙƙinsa, mai bin bashi ya san wanda zai tunkara, wanda kuma ke zargin jabu ko yake riƙe da wata wasiyya ta baya-bayan nan ya garzaya kotu. Haka nan masu binciken tarihi da salsalar iyali sun dogara da waɗannan takardu. Shi ya sa da Ma'aikatar Shari'a ta kawo shawara a Disamban 2023 cewa a riƙa lalata takardun asali bayan shekara 25 a bar hotonsu a kwamfuta, masana suka yi ca, har gwamnati ta janye a Janairun 2025.

4.0 Togiya

Ƙa'ida ta 58 ta dokokin rajista na 1987 ta yarda kotu ta rufe wasiyya idan buɗe ta bai dace ba. Gidan sarauta ne ya fi cin moriyar rufewa, al'adar da ta faro daga wasiyyar Yarima Francis na Teck, wanda ya rasu a 1910. A Satumban 2021 Mai Shari'a Sir Andrew McFarlane ya ba da umarnin rufe wasiyyar Yarima Philip har shekara 90, don kare martabar Sarauniya. Jaridar Guardian ta ƙalubalanci yadda aka yi zaman a ɓoye, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori ƙarar a Yulin 2022.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa buɗe wasiyya kariya ce ga mamaci da magada baki ɗaya, ko da yake tana tona cikin gida. Tambayar da ta rage, wadda ya kamata mahalarta wannan taro su tattauna, ita ce: idan martaba ta isa hujjar rufe wasiyyar basarake, da wane ma'auni za a hana talaka irin wannan sutura?