Cin abinci a ƙasar inabi: Abin da matafiyi zai tarar a teburan Cape

Duk shekara a watan Fabrairu, birnin Cape Town na Afirka ta Kudu kan cika da baƙi mahalarta babban taron ma'adinai na Mining Indaba, kuma jami'an Najeriya na cikin masu zuwa. Ban da shi, akwai tarukan makamashi da na harkar kuɗi da birnin ke karɓa a sauran watanni. Idan aka tashi daga zaman ƙarshe, masu masauki sukan kwashi baƙinsu zuwa gonakin inabi na Stellenbosch ko Franschhoek domin liyafar bankwana. A nan ne jami'i da hadiminsa kan shiga tsaka mai wuya, musamman idan ba sa shan giya kuma ba sa cin naman alade. Ga tebur a cike, ga kofuna jere a gaban kowa, ga takardar jerin abinci ɗauke da sunayen da ba su taɓa ji ba.

Da yawa kan zaɓi abin da suke ganin ya fi aminci, wato burodi da shayi da soyayyen dankali, har ranar komawa Abuja. Wannan hasara ce da ba ta zama dole ba, domin wani babban ɓangare na abincin da yankin ke alfahari da shi daga tukwanen Musulmi ya fito. Wanda ya san wannan tarihi, ya kuma san tambayoyin da zai yi, zai ci ya ƙoshi ba tare da ya taɓa abin da ya haramta wa kansa ba.

Yadda inabi da kayan ƙamshi suka haɗu

A shekarar 1652 ne Jan van Riebeeck ya sauka a wannan gaɓa da umarnin kamfanin kasuwancin Holan mai zirga-zirga zuwa gabashin duniya, domin ya kafa zango inda jiragen ruwa za su riƙa ɗaukar ruwan sha da ganye da nama. Ranar 2 ga Fabrairun 1659 aka fara matse inabi a wurin. Gwamna Simon van der Stel ya kafa garin Stellenbosch a 1679, ya kuma mallaki gonar Constantia a 1685. A 1688 wasu Faransawa da suka gudo daga tsanantawar addini suka iso, aka ba su filaye a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek, ma'ana kusurwar Faransawa.

Yanayin ƙasar ya taimaka musu. Ruwan sama na sauka ne a lokacin sanyi, daga Yuni zuwa Agusta, rani kuma busasshe ne. Igiyar ruwa mai sanyi ta Benguela da ke bin gaɓar Tekun Atlantika tana sanyaya iskar da ke kaɗawa cikin gonaki, kuma ita ce ke sa tekun ya wadata da kifi.

Amma ba Turawan ne suka yi noman da hannunsu ba. Tun 1658 aka fara kawo bayi, da fari daga Angola da gaɓar Afirka ta Yamma, daga baya kuma daga Indiya, tsibiran Indunusiya, Madagaska da Mozambik. Su suka yi aikin gona, su suka yi gini, su ne kuma ke bakin murhu a gidajen iyayengijinsu. Tare da su aka kawo malamai da sarakunan da Holan ta kora daga ƙasashensu. Shehu Yusuf na Makassar ya iso a 1694, ya rasu a 1699, kuma har yau ana ziyartar kabarinsa a wurin da ake kira Macassar, kusa da hanyar Stellenbosch. Wani malamin, Tuan Guru, ya rubuta Alƙur'ani da ka yana tsare a tsibirin Robben, inda daga baya aka ɗaure Nelson Mandela. Bayan an sake shi ne ya zama limamin masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794 a unguwar Bo-Kaap, masallaci na farko a ƙasar.

An soke bauta a 1834, aka kuma sallami bayin baki ɗaya a 1838. Zuwa lokacin, kirfa da kanumfari da citta da kurkum da tsamiya sun riga sun zauna a girkin yankin. Zuriyar waɗannan mutane, da ake kira Malay na Cape, su ne suka riƙe wannan girki har yau.

Sunayen da ya kamata a riƙe

Na farko shi ne bobotie. Niƙaƙƙen nama ne da ake soyawa da albasa da kayan kori da ɗan zaƙi na busassun 'ya'yan itace, a zuba ƙwai da madara a kansa, a gasa har saman ya yi ja. Ana cin sa da shinkafa mai launin ɗorawa wadda aka dafa da kurkum da zabibi. Bahaushe zai ɗan yi mamakin haɗa nama da zaƙi, amma yajinsa bai kai na miyar gida ba, kuma ba ya da nauyi a ciki.

Sai bredie, wato naman rago da aka dafa a hankali da kayan lambu har ya yi lugub. Na tumatir ya fi yawa, amma wanda ya je a lokacin sanyi zai iya dacewa da waterblommetjie bredie, wanda ake yi da furen wani tsiro mai kama da bado da ke fitowa a tafkunan yankin. Akwai kuma denningvleis, naman rago da tsamiya, wanda ɗanɗanonsa ba zai zama baƙo ga duk wanda ya tashi da kunun tsamiya ba. Masu son tsire kuwa za su sami ɗan'uwansa a sosatie, nama a tsinke da aka jiƙa cikin kayan ƙamshi kafin a ɗora a garwashi.

A ɓangaren kayan zaƙi, akwai sunaye biyu masu kama da juna da kan rikita baƙo. Koeksister na Turawan Afrikana ne, kitsattsen ƙullin fulawa da aka soya aka tsoma cikin ruwan sukari. Koesister kuwa na Musulmin Cape ne, mai laushi kamar fanke, da kirfa da citta a cikinsa da garin kwakwa a bayansa, kuma da safiyar Lahadi aka saba cin sa. Wanda tafiyarsa ta faɗa cikin azumi zai ji labarin boeber, madara mai ɗumi da siririyar taliya da kayan ƙamshi, wadda ake sha a daren sha biyar ga Ramadan domin nuna an kai tsakiyar wata.

Mafi sauƙin wurin samun waɗannan duka shi ne Bo-Kaap, unguwar nan mai gidaje kala-kala a gindin tudun Signal Hill, tafiyar ƙafa kaɗan daga tsakiyar birni. A titin Wale akwai gidajen abinci na halal da shagunan kayan ƙamshi inda matafiyi zai iya sayen tsaraba. A unguwar Athlone kuma aka ƙirƙiro gatsby a shekarun 1970, dogon burodi da ake cusa wa soyayyen dankali da nama ko kifi da yaji. Guda ɗaya kan ƙosar da mutum uku ko huɗu, don haka ya dace da tawagar da kuɗin guzurinta ya fara ja baya.

Abin da teku ke bayarwa

Ga wanda ke shakkar yanka, kifi ne mafita, kuma wannan gaɓa ba ta rowa. Kifin da ya fi shahara shi ne snoek, dogo mai ƙayoyi manya masu sauƙin cirewa, wanda ya fi samuwa a lokacin sanyi. Ana gasa shi a garwashi ana shafa masa man shanu da tafarnuwa da zaƙin 'ya'yan itace, ko a dagargaza shi da albasa da dankali. A tashoshin masunta na Kalk Bay da Hout Bay, ana soya kifi a ba mutum da dankali yana kallon jiragen da suka kamo shi.

Wanda ke da yini guda na hutu zai iya bin gaɓar yamma zuwa Velddrif, inda ake barbaɗa wa ƙananan kifaye gishiri a rataye su iska ta busar da su. Sunansu bokkoms, kuma duk wanda ya san busasshen kifin Baga zai gane dabarar, sai dai wannan ba a kyafa shi da hayaƙi. Gaba kaɗan akwai ƙauyen masunta na Paternoster, inda wani ƙaramin gidan abinci mai suna Wolfgat ya ci kyautar gwarzon gidan abinci a wata gasar duniya da aka yi a Faris a 2019, da girkin tsirrai da halittun bakin teku. Sai dai a yi hattara da masu tallar babban jatan lande a gefen hanya. Kamun sa yana da ƙa'ida da lokaci a dokar ƙasar, kuma sayen wanda aka kama ba bisa izini ba laifi ne.

Inda ake tuntuɓe

Matambayi ba ya ɓata, kuma a gonakin inabi tambaya ita ce kariya. Giya ba a kofi kaɗai take ba. Masu girki kan zuba ta a romon da ake kwararawa kan nama, a cikin naman da aka daɗe ana dafawa, da kuma a tukunyar dodon-koɗin teku. Wasu kan kwaɓa fulawar soya kifi da giya domin ta yi garas-garas. Akwai wani kek mai dabino da ake jiƙawa da barasa, kuma sunansa na Cape brandy pudding ya isa gargaɗi. Tsiran nama na boerewors, wanda ba a rasa shi a wurin gashi, yakan ƙunshi naman alade tare da na shanu, kuma sau da yawa hanjin alade ake cusa shi a ciki. Biltong, ɗan'uwan kilishi mai kauri wanda ake yi da gishiri da ruwan khal ba da ƙuli ba, yawanci na shanu ne ko na namun daji, amma batun yanka yana nan.

Sa'ar da aka yi ita ce ƙasar tana da hukumomin tantance halal da suka daɗe suna aiki. Majalisar malamai ta MJC, wadda aka kafa a Cape Town a 1945, tana da reshen da ke ba da takardar shaida, haka ma hukumar SANHA. Gidan abincin da ke da shaidar yakan manna ta inda kowa zai gani. Akwai kuma masu cewa namansu na halal ne alhali suna sayar da giya ko suna girka naman alade a ɗakin girki ɗaya. Wannan mataki ne daban, kuma kowa zai auna da abin da zuciyarsa ta natsu da shi.

Aikin hadimi a nan shi ne ya riga maigidansa. Idan takardar gayyata ta zo, a sanar da masu shirya liyafa tun kwana biyu ko uku kafin ranar cewa baƙon ba ya cin alade, ba ya son giya ko a cikin girki, kuma kifi ko kayan lambu sun wadatar. Gidajen abincin yankin sun saba da irin wannan buƙata. Abin da ke ba su wahala shi ne a faɗa musu bayan an ɗora tukunya. Game da abin sha kuwa, babu kunya a ɗaga kofin ruwan inabi marar giya, wanda gonaki da yawa ke matsewa da kansu. Akwai Appletiser, lemon tuffa da aka fara yi a kwarin Elgin a 1966, akwai kuma shayin rooibos, wanda ganyensa ke fitowa a duwatsun Cederberg.

Stellenbosch na da nisan kusan kilomita 50 daga Cape Town, Franschhoek kuma kusan 75. A lokacin girbin inabi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sai an kama tebur tun da wuri, kuma a ƙananan garuruwa ana rufe ɗakin girki tun dare bai yi nisa ba. Akwai masallatai a Stellenbosch da Paarl ga wanda Juma'a ta riska a can.

Hannun da ke kawo farantin

Akwai wani abu da kyawun gonakin kan ɓoye. Shekaru aru-aru, ana biyan ma'aikatan gona wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da ake kira dop. An haramta shi a doka tun shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990, kuma ya bar shaye-shaye da cututtukan jarirai a cikin iyalai da dama. A ƙarshen 2012 ma'aikatan gonakin inabi na De Doorns suka shiga yajin aiki, wanda ya sa gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa rand 105 a 2013.

Da yawa daga cikin masu kawo abinci da masu wanke kwanuka a waɗannan gidaje 'ya'yan irin waɗannan iyalai ne, wasu kuma baƙi ne daga Zimbabuwe da Malawi. Al'adar ƙasar ita ce a ƙara tukuicin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan kuɗin abinci, kuma idan tawaga tana da yawa wasu gidajen kan saka shi a cikin lissafi, don haka a duba takardar kafin a biya. Ma'aikacin da ya san zafin jiran albashi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Yarinyar da ta koma ɗakin girki sau biyu domin ta tabbatar wa baƙo cewa babu giya a romonsa ta yi aikin da ya wuce ɗaukar faranti, kuma ya kamata a ga hakan a abin da aka bar mata a kan tebur.