Lakwal ta ci, amma 'yan mata nawa suka haye?

A Icirnawa, kusa da Matamaye, kamar sauran karkara, ƙarshen shekara darakta kan karanta wa iyaye yawan ɗaliban da suka haye, a yi tafi, a watse. Ba a cika tambaya ba: cikin waɗanda suka faɗi, nawa ne 'yan mata? Jimilla ɗaya kan ɓoye yarinyar da talla ke hana ta aji duk ranar kasuwa.

A Amurka, dokar 2002 ta tilasta wa makarantu rarrabe sakamako rukuni-rukuni: 'ya'yan talakawa, naƙasassu, masu koyon Turanci. A makarantun unguwannin talakawa, in rukuni ɗaya ya gaza shekara 2 a jere, iyaye na iya sauya wa yaro makaranta. An sassauta hukuncin a 2015, amma rarrabewar ta tsaya.

A Nijar, dokar Disamba 2017 ta ce a kare karatun ɗiya mace har shekara 16. To, 'yan kasuwa, ku da ke zuba kuɗin ajin zana, ku sa kwamitin COGES da uwayen AME su nemi sakamako, maza daban, mata daban, a liƙa a ƙofar lakwal.