In Hasken Fitilar Motarka Ya Ragu, Kada Ka Yi Saurin Sayen Batir

Ya kai mai mota na ƙasar Kurfai, wannan magana taka ce.

Daga Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ne, ta Bonkuku da Balleyara. Tsofaffin Peugeot 504 da Toyota su ke ɗaukar mana gero da wake da bisashe. Su ne kuma ke kai mai naƙuda likita cikin dare. In fitila ba ta haskawa sosai, ba za ka hangi jaki ko amalanke ba sai ka iso kansu.

Da yawa in haske ya ragu sai su ce batir ya mutu. Sau da yawa ba laifinsa ba ne. Batir kamar rumbu yake, dinamo ne ke zuba masa wuta. In ana ɗiba ba a zubawa, ko sabon rumbu zai ƙare.

Ka fara duba bel ɗin da ke juya dinamo. Kashe injin, ka danna shi da yatsa. In ya lotsa fiye da santimita 1, ya saki, a ɗaure shi. In ya tsattsage, a sake wani.

Sai kawunan batir. In ka ga farin gari a kansu, kwance su ka wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ka ɗaure tam. Kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir. In ruwansa ya ragu don zafi, ka ƙara ruwan batir na kanti. Ruwan rijiya yana ɓata shi.

In fitila ɗaya ce ta rage haske, duba wayarta da ke ɗaure a jikin mota. Tsatsa ce ke tare wuta. Kankare ta.

In jar fitilar batir ta gaban direba ba ta mutu ba bayan injin ya tashi, je garaji a auna. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12,6 in injin na kashe, 14 in yana aiki. In bai hau ba, dinamo za a gyara.

Gargaɗi: kada ka bari a cire kan batir injin yana aiki, wai don gwaji. Yana ƙona dinamo.

Ka yi wannan dubawa da rana, tun kafin ranar kasuwa. Allah ya kiyaye hanya.