Wutar da ke maganin wuta

A da, kowace shekara, bayan ɗaukewar damina, wajen watan Nuwamba, ma'aikatan gandun daji sukan cinna wuta da gangan a Gandun W, kudu da Yamai. An kafa gandun a 1954, faɗinsa hekta 220.000.

Dalili kuwa, a wannan lokaci ciyawa tana da sauran danshi. Wutar takan bi ƙasa a hankali, ba ta cin manyan itatuwa, raɓar dare kuma ta kashe ta. Gamba ta sake tohowa daga saiwarta, namun daji su samu ɗanyen kiwo. In gobara ta tashi da bazara, sai ta tarar babu abin ci.

Amma wannan dabara ba ta arewa ba ce. A filayen kiwo na Abalak da Bermo, ƙarangiya daga iri take fitowa; in ta ƙone, babu wata sai baɗi. Can, hanyoyin tare wuta ake sharewa tun da kaka. Mai fataucin dabbobi ya san ladan sakaci: ciyawa ta yi tsada, saniya ta rame, kuɗinta ya faɗi.