Kebul ɗaya ba ya mayar da fiyano sabo: gaskiya da ƙarya kan haɗa shi da kwamfuta

Akwai maganar da ke yawo tsakanin matasa masu kiɗan fiyano a Tasawa da Mayahi, musamman waɗanda ke raka mawaƙa zuwa bukukuwa a garuruwa irin su Maijirgi, Korgom da Kanan Bakashe. Wai in ka sami kebul ɗin USB ka haɗa fiyanonka da kwamfuta ko salula, ka buɗe manhajar fiyano, to sautin manhajar zai riƙa fitowa ta lasifikar da ke jikin fiyanon, kamar ka sayi sabo. Yaro ya tara kuɗinsa ya sayo kebul, ya haɗa, ya danna, sai ya ji tsohon sautin da ya saba ji, ko kuma ya ji sabon yana fita can ƙasa-ƙasa ta bakin kwamfuta. Daga nan sai zargi ya tashi: kebul jabu ne, ko mai shago ya cuce shi, ko fiyanon ya samu matsala. Mafi yawan lokuta ba ko ɗaya daga cikin ukun ba ne. Maganar tana da gaskiya a ciki, amma ba a kan kowane fiyano ba.

Tushen ruɗanin shi ne abin da kebul ɗin ke ɗauka. A 1983 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da wata hanya ta bai ɗaya da na'urorinsu za su riƙa magana da juna, wadda ake kira MIDI. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan ne suka ja gaba. MIDI ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Saƙo yake kaiwa: an danna maɓalli mai lamba kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi. Lambobin daga 0 zuwa 127 suke, maɓallin tsakiya na fiyano kuwa lambarsa 60. Kamar takardar awo ce da ake kai wa tela, tana faɗin tsawo da faɗi, amma ita ba yadi ba ce. Kwamfuta ce ke karɓar saƙon ta haɗa sautin a cikinta. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: ta wace ƙofa wannan sauti zai komo cikin fiyano?

Ƙofofin biyu ne, kuma ba kowane fiyano ke da su ba. Ta farko ƙaramar kafa ce a baya da aka rubuta AUX IN a kanta. In akwai ta, sai a sami kebul na biyu mai kan milimita 3.5 a kowane gefe, irin wanda ake haɗa salula da rediyon mota, a ɗauko sauti daga kafar abin saurare ta kwamfuta a kawo shi nan. Kebul biyu ke nan: USB ya kai saƙo, ɗayan ya dawo da sauti. Ƙofa ta biyu tana cikin USB ɗin kansa, a kan wasu samfurori da aka ƙera su karɓi sauti ta nan. A cikin na Yamaha, PSR-E363, PSR-E373 da PSR-E463 suna yin haka, kuma masu su ne suke da gaskiya in suka ce kebul ɗaya ya wadatar. Kuskurensu ɗaya, da suke zaton na kowa haka yake.

A duba yadda lamarin ke bambanta a kamfani ɗaya. PSR-E273 yana da AUX IN amma ba shi da USB, don haka zai fitar da waƙar salularka ta lasifikarsa, amma maɓallansa ba za su taɓa kaɗa manhaja ba. P-45, mai maɓalli 88, yana da USB mai ɗaukar saƙo kaɗai, ba shi da ƙofar shigar sauti ko ɗaya. Mai shi dole ya nemi lasifika ta waje. P-125 yana karɓar sauti ta USB, amma P-125a da ya biyo bayansa ba ya karɓa, alhali harafi ɗaya ne ya raba sunayensu. Wanda zai sayi na hannu a kasuwar Maraɗi, ko ya aika a sayo masa daga Kano, ya juya bayan fiyanon ya karanta abin da aka rubuta a bakin kowace kafa, ya kuma rubuta lambar samfurin cikakkiya. Littafin Yamaha ma ya gindaya cewa kebul ɗin USB kada ya kai mita 3, kuma kada ya zama irin na USB 3.0.

To akwai wanda ya yi komai daidai amma ya ji sauti biyu suna cin karo, tsohon da sabon, ya ce manhajar ta rikita masa fiyano. Ba ta rikita komai ba. Fiyanon yana ci gaba da aikinsa ne na fitar da nasa sautin, ga kuma na kwamfuta ya shigo. A cikin saitin akwai wuri mai suna Local. In aka mayar da shi Off, maɓallan za su daina kaɗa sautin cikin gida. Sai dai a tuna da shi. In an cire kwamfuta aka ji fiyano ya yi tsit, a fara duba wannan wurin kafin a ɗauke shi a kai wa mai gyara.

Jinkiri kuwa gaskiya ne, kuma shi ne ya fi ɓata wa makaɗi rai: yatsa ya sauka, sauti ya biyo baya. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa laifin fiyano ne. Kwamfuta tana tara sauti gutsure-gutsure kafin ta sake shi. A daƙiƙa ɗaya akwai gutsure 44,100. In an saita ta tara 1,024 kafin ta saki, an ƙara jinkirin kusan milisakan 23. In an rage zuwa 128, bai kai milisakan 3 cikakku ba, wato kusan lokacin da sauti ke ɗauka ya yi tafiyar mita ɗaya a iska. A kan Windows ana samun wannan ragin ne ta hanyar ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da shi. Masu Yamaha suna da Yamaha Steinberg USB Driver, sauran kuma akwai ASIO4ALL kyauta. Amma in aka matsa wa tsohuwar kwamfuta da yawa sai sauti ya fara tsattsagewa, dole a ɗan ƙara adadin. Masu cewa Bluetooth ya fi sauƙi, su sani sautin da ya bi ta nan yakan makara fiye da milisakan 100. Ya yi daidai da sauraron waƙa, amma ba a iya kiɗa da shi. Salula kuma tana iya yi, tunda Android ya fara karɓar MIDI daga siga ta 6 a 2015, sai dai tana buƙatar ɗan mahaɗin OTG, kuma jinkirin ya danganta da irin salular.

Maganar da ta fi tsoratar da mutane ita ce wai haɗa fiyano da kwamfuta yana ƙona shi. USB da AUX IN don wannan aikin aka yi su, ba sa ƙona komai. Haɗarin yana wasu wurare, kuma na gaske ne. Kafar PHONES ko OUTPUT ƙofar fita ce. Cusa mata sautin kwamfuta ba zai yi aiki ba, yana kuma iya lahanta ɓangarorin biyu. Haka ɗauko wayar lasifika daga babban amfilifaya a kawo AUX IN. Sai caja: ƙananan PSR-E suna cin volt 12, da yawa daga ƙananan Casio na yanzu volt 9.5, kuma shigar bakin caja cikin kafa ba ya nufin ta dace. Sannan ga wutar kanta. Yankin nan ya daɗe yana dogara da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta katse wuta a Agustan 2023, aka koma ga janareta da sola. Wutar ƙaramin janareta tana hawa tana sauka, ita ce ya kamata a ji tsoro. PSR-E373 yana aiki da batura 6 ƙanana, kuma a filin biki sun fi kwanciyar hankali. Ƙugin da ake ji a lasifika in kwamfuta na kan caji shi ma ba alamar ƙonewa ba ne. A zare cajar kwamfutar, in ya ɗauke an gane daga inda yake.

Saura babbar magana, wadda ita ce ke sa a sha wannan wahalar tun farko: wai manhaja za ta sa ƙaramin fiyano ya yi amo irin na babban fiyanon katako. Manhajar dai tana da kyau, ba a musu. Pianoteq, ta kamfanin Modartt da ke Tulus a Faransa, ta fito a 2006, kuma lissafa motsin tsirkiya da katako take yi a lokacin da kake dannawa, shi ya sa ba ta cin wuri a kwamfuta. Amma sautin duk kyansa ta lasifika zai fita, ta PSR-E373 kuwa wat 2.5 ce a kowane gefe. Maɓallin ƙarshe na hagu a babban fiyano yana kaɗawa sau 27.5 a daƙiƙa, ƙaramar lasifika a cikin roba ba ta iya fitar da wannan kaurin. A ɗaki, don koyo da dare, za a ji bambanci. A tsakar gida cike da mata da yara, sai an haɗa da lasifikar waje. Kuma sautin ba ya zama a cikin fiyanon. Da an zare kebul ya tafi.

Ba na jin daɗin yadda wannan jita-jita ke sa yara raina abin da ke hannunsu. A duba makaɗi Mamman Sani: ya ɗauki kaset ɗinsa na 1978 a Yamai da ogan ƙirar Italiya mai suna Orla, kiɗansa ya yi shekaru yana ratsa shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Hama, wani makaɗi ɗan Yamai, da tsohon Yamaha PSR-64 ya yi suna a katunan salula kafin ya koma manhajar FL Studio ya yi Houmeissa a 2019. Da ya koma kwamfuta hannunsa ya riga ya nuna. Wanda fiyanonsa ba shi da AUX IN, kuma USB ɗinsa saƙo kaɗai yake ɗauka, kada ya ƙara sayen wani kebul. Kuɗin ya fi amfani in aka tara shi aka sayi lasifika mai nata batir, a haɗa ta da kwamfutar kai tsaye ta waya.