'Yan Ginshiƙan Baranda da Amfaninsu

Sa'ad da aka aike mu gwajin koyarwa a Gombe, na sauka a wani gidan bene a Bolari. Wata ranar Asabar muka ji ihu a sama. Ashe wani yaro ne ɗan shekara 3 ya cusa kansa tsakanin 'yan ginshiƙan nan na baranda, kan ya shiga, ya ƙi fita. Sai da uwarsa ta shafa masa man gyaɗa har kunnuwa kana muka zaro shi. Tun daga ran nan na shiga binciken abin.

Turawa suna kiransu balasta. Su ne gajerun ginshiƙai da a ke jerawa a bakin baranda ko gefen matakala, a ɗora musu dogon maƙari a bisa, wanda mutum ya ke dafawa. Sunan daga bakin mutanen Italiya ya fito, ma'anarsa kuwa furen rumman, gama siffarsu ta yi kama da furen da bai gama buɗewa ba: ciki kamar tulu, wuya siriri. Maginan Italiya suka yawaita su a ƙarni na 15, daga nan suka bazu cikin Turai. A ƙasarmu kuwa, 'yantattun bayi da suka komo Ikko daga Barazil a ƙarni na 19 sun yi suna wajen ƙawata benaye da su.

Kakanninmu ba su rasa dabara ba. Maginin Hausa ya kan kewaye rufin soro da rawani, ya kafa zanko a kusurwa. Amma rawani katanga ce rufaffiya. Shi balasta yana tare mutum kada ya faɗi, ya kuma bar iska da haske su wuce, nauyinsa bai kai na katanga ba. Duk wanda ya kwana a Gombe cikin watan Afrilu ya san darajar iskar nan.

To, ga inda a ke kuskure. A Ingila da Amurka dokar gini ta hana a bar tsakani da ya kai a zura ƙwallo mai faɗin inci 4, watau santimita 10. Dalili, jikin ƙaramin yaro ya kan wuce inda kansa ba zai wuce ba. In ya fara da ƙafa sai ya rataye. Na auna na gidanmu da rula, na sami inci 6. Magini ya rage guda biyar ko shida don a sami rarar siminti, mai gida kuwa farin fenti kaɗai ya duba. Wani abin kuma, in simintin da ya rufe ƙarfen ciki bai yi kauri ba, ruwan damina ya kan shiga, ƙarfe ya yi tsatsa ya fasa shi.

Mu da za mu riƙe makarantu, waɗansunsu masu bene, ya kamata mu riƙa hawa da rula, mu auna, mu girgiza kowane ɗaya da hannu. Na gaya wa mai gidanmu, na ce, “Baba, a ƙara ginshiƙai.” Ya ce siminti ya yi tsada. Waya muka saya muka ɗaure tsakaninsu, tana nan har na taso.